Rumbun Baba a Majigi

Jikokina sun cika mini zaure da musu shekaranjiya. Wai an ɗauki wani littafi da suka karanta a makaranta an mai da shi fim, sun kalla a waya. Ɗaya na cewa littafin ya fi, ɗaya na cewa fim ɗin ya fi, ƙaramarsu kuma ta nace wai wanda ya fito a mugu bai iya mugunta ba, fuskarsa ta cika fara'a. Ina kishingiɗe ina jin su. Ba musun ne ya tsaya mini a rai ba, yadda suke yin sa hankali kwance ne. Sun san mutumin ba mugu ba ne, aiki aka ba shi, gobe za su gan shi a wani fim ɗin yana limanci ba wanda zai ce uffan. Da suka gaji sai suka juyo kaina, wai tsoho ya raba gardama, littafi ko fim? Na ce littafi. Suka ce don me? Na ce barci nake ji. Ba barci nake ji ba. Na daɗe da daina jin zafin wannan magana, abin da ya rage wani nauyi ne kawai, irin na ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, a gindin wani baƙin dutse mai tsamiya a gefensa. A zamanin da nake faɗa, lokacin Turawa na mulki, kunne ne agogon mutum. Luguden mata a turmi shi ke gaya maka gari ya waye, bugun maƙeri yana gyaran garma shi ke gaya maka damina ta matso, kukan shanun Fulani suna gangarowa daga dutse shi ke gaya maka rana ta yi sanyi. Yanzu ƙarar babur ta haɗiye duk wannan, kowa kuma agogonsa na aljihu. Da ruwa ya sauka, sai gangar noma ta karɓe gari. Idan an yi gayya, wato an tara majiya ƙarfi a gonar mutum ɗaya, mahaifina ake sawa a kunyar farko, domin shi ke yanke wa sauran saurin da za su bi. Ba dogo ba ne, ba mai yawan magana ba ne, amma in ya sunkuya sai ya kai ƙarshen gona yake miƙewa. A shekarar da nake magana sarkin noman yankinmu ya rasu, kuma ko yaro ya san wanda dagaci zai naɗa in an yi kaka. Baba bai taɓa cewa yana so ba. Sai dai ya sa an wanke babbar rigarsa tun ruwa bai ɗauke ba.

Akwai wata al'ada da sai na faɗa kafin a gane sauran. A wurinmu ba a leƙa rumbun magidanci. Maƙwabci ba ya leƙawa, ɗa ba ya leƙawa sai an aike shi, mace kuwa ko kusa. Maigida ne ke ɗage jinka da kansa ya fito da damin da za a sussuka, ya mayar ya rufe. Ko yunwa ake yi a gida, muddin jinka na bisa rumbu, mutum na da mutuncinsa, zai fita masallaci a gaishe shi kamar kowa. Wanda aka ga ƙasan rumbunsa kuwa, an gama ganinsa.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wanga". Na riga na zama saurayi, ina da tawa gayaunar, sa'ad da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Safana. Na shiga, na iya boko, kaina ya kumbura. A ajin nan aka ba mu wani ɗan littafi mai bakin ciki, labarin maƙwabta biyu. Ɗaya mai himma ne, yana bin duk abin da malamin gona ya ce. Ɗayan ana ce masa Na-Inuwa, domin kullum yana kwance gindin itace. Na karanta littafin nan har bangonsa ya rabu. Abin da na lura da shi, wanda ya rubuta shi Na-Inuwa ya fi so. Mai himmar ba shi da ɗanɗano, kamar tuwon da ba miya. Na-Inuwa kuwa tun shafin farko an gaya maka dalilinsa: fara ta cinye masa gona damina uku a jere, matarsa ta rasu a yunwar da ta biyo baya, zuciyarsa ta mutu. Sa'an nan a ƙarshe, mai himmar ya kwanta ciwo ana tsakiyar noma, ciyawa za ta cinye gonarsa, sai Na-Inuwa ya tashi daga gindin itacen ya nome gonakin biyu shi kaɗai. Duk sa'ad da na kai wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Da damina ta kankama sai ga mota ta shigo ƙauyenmu, da Bature ɗaya, da tafintansa, da wani akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Tafinta ya shaida wa dagaci cewa littafin nan za a mayar majigi, a riƙa yawo da shi ƙauyuka don koyar da manoma, kuma dutsenmu da tsamiyarmu sun yi wa Bature kyau. Mai himma sun taho da shi daga birni, wani akawu ne fari tas. Na-Inuwa suke nema a cikinmu. Kowa ya sunkuyar da kai, don ba wanda ke son a ce shi ne rago. Ni kuwa da kumburarren kaina na ga abin da ba su gani ba. Na san ƙarshen labarin. Na ce a raina, duk ƙasar nan za ta ga yadda Baba ke noma. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya da furfura, ina son Bature ya san akwai mai karatu a ƙauyen.

Na sami Baba da la'asar yana wasa garma a kan dutse. Na durƙusa na faɗa masa.

Ya ce, "Kai, in kwanta gindin icce mutane na kallo? Mi na yi maka?"

Na ce, "Baba, farkon ne kawai. A ƙarshe kai ne za ka tashi ka nome gona biyu. Kai za a yaba."

Ya daɗe yana shafa bakin garmar da babban yatsa. Sa'an nan ya ce, "Ka gani da idonka a rubuce?"

Na ce na gani. Na ɗauko littafin na karanta masa shafukan ƙarshe.

Ya ce, "To, abin da anka rubuta ai ba a sake shi."

Haka suka ɗauki rubutu, shi da tsararrakinsa. Rubutun da suka sani na allo ne, wanda ba a ƙara masa ɗigo, ba a rage masa. Bai zo masa a rai ba cewa akwai rubutun da mutum zai sa almakashi ya datse kai da wutsiya. Ni ma da nake taƙamar boko bai zo mini ba.

In za a yi maganar iya wasa, akawun nan bai iya komai ba. Ya riƙe garma kamar mai riƙe da sandar makiyayi, ya sare gero ya bar ciyawa, sai da muka riƙa bin bayansa muna gyarawa. In an ce ya yi murna sai ya washe baki yana kallon akwatin. Baba kuwa, wanda ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba, sai ya zama wani mutum. Ya karkata hula ta rufe ido ɗaya. Ya yi hamma doguwa har da hawaye. Ya sosa ciki a hankali kamar ba gobe. Da rana ta cim masa, maimakon ya tashi ya ja tabarma, sai ya riƙa jan jiki da tabarmar tare, yana bin inuwa a kwance. Wannan babu shi a littafi, shi ya ƙirƙiro abinsa. Bature ya yi dariya har ya daina murɗa akwatin. Daga baya na gane inda ya koyo. Duk rayuwarsa yana kallon ragwaye yana jin haushinsu, ashe ya haddace su tsaf.

Sai aka zo wurin da Na-Inuwa zai buɗe rumbu ya tarar ba komai. Tafinta ya ce rumbun gidanmu za a yi da shi, tun da gidan aka riga aka ɗauka. Rumbun kuwa da sauran dawar bara a ciki har rabi, a tsakiyar damina, abin da ba kowa ke da shi ba. Aka ce a kwashe. Inna ta leƙo daga bayan zana ta ce da Baba, "Malam, ni da na tsufa gidan ga ban taɓa ganin cikin rumbun ga ba. Yau baƙo zai gani?" Baba ya dube ni. Na ce, "Inna, wasa ne, a ƙarshe za a nuna shi cike." Muka yi hantsi muna jidar dammuna zuwa ɗakinta, muka share ƙasan rumbun fes. Aka ɗora akwati bisa tsani. Baba ya hau ya ɗage jinka ya leƙa. Fuskar da ya yi a lokacin ba wasa ba ce. Tun rasuwar mahaifinsa bai taɓa ganin ƙasan rumbun nan ba. Bature ya ce kada a maimaita, wannan ta isa.

An ɗauki ƙarshen labarin, wallahi an ɗauka, ina tsaye. Akawu ya kwanta a matsayin majinyaci, wanda shi kaɗai ne abin da ya iya. Baba ya tuɓe riga ya shiga gona. Kwana uku yana noma a gaban akwatin, ba ganga, ba mataimaki, ƙasa na tashi a bayansa. A rana ta uku Bature ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Baba ya dawo gida yana murmushi, ya ce da Inna ta ƙara masa fura.

Dagaci ya ce a dakata da naɗin sarkin noma sai majigi ya fito, a haɗa murna biyu. Muka jira har wata kaka. Ranar da motar majigi ta iso Safana, Baba ya sa babbar rigar nan, muka taka da ƙafa tun la'asar. Bayan sallar isha'i aka tayar da inji, aka haska farin ƙyalle da aka ɗaure a jikin mota. Jama'a ba masaka tsinke, har bisa itatuwa. Hotunan nan ba su da murya, wani mai bayani ne ke tsayawa da lasifika yana faɗin abin da ake gani, kuma ba tafintan da muka sani ba ne. Aka fara da allurar shanu da wasu sojoji masu fareti. Sai ga dutsenmu, sai ga tsamiyarmu, wuri ya ɗauki sowa.

Ba fara, ba mutuwar mata, ba dalilin komai. Hoto ya buɗe kawai da Baba kwance yana hamma. Mai bayani ya ce, "Jama'a, ga Na-Inuwa, sarkin ragwayen duniya! Ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya jira iska ta kore shi!" Aka fashe da dariya. Da aka zo wurin jan tabarma, wasu har faɗuwa suka yi. Baba ma ya yi 'yar dariya, ya taɓa ni da gwiwar hannu. Akawu ya fito yana sare gero, mai bayani na kirarinsa. Sa'an nan aka nuna rumbu. Ƙasan rumbun gidanmu ya cika ƙyallen nan, babba, a share, duk Safana na kallo. Aka nuna fuskar Baba. Mai bayani ya ce, "To, kun ga ƙarshen rago." Ƙyalle ya yi fari.

Baba bai motsa ba. Ya ce da ni a hankali, "Saura na tahe." Muka zauna. Mutane suka fara naɗe tabarmi. Aka kashe inji. Na tashi na sami mai bayani yana naɗe waya, na ce ina sauran? Ya ce, "Wane saura? Iyakar abin da aka ba mu ke nan. Ai darasi ya fita." Na ce akwai littafi. Ya ce shi bai taɓa ganin littafin ba.

Muka kama hanyar gida har muka hango dutse. Nan Baba ya ce, "Kwana ukun nan da na yi ina noma, ina sunka kai su?" Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Ko tsawo ya yi musu yawa, ko hoton ya lalace, ko kuwa sun ga rago mai tuba zai ɓata musu darasi, ba wanda ya zo ya gaya mana.

Mota ta wuce Batsari, ta je Zakka, ta je Tsaskiya, ta je Babban Duhu, ta sake zagayowa wata shekara. Mutanen ƙauyenmu sun san gaskiya, amma su nawa ne? Sauran ba su taɓa jin ana biyan mutum ko roƙonsa ya zama wani ba. Abin da suka sani, sun ga mutum, sun ga gidansa, sun gane tsamiyar, sun ga cikin rumbunsa. In ka ce musu wasa ne sai su ce, to rumbun fa, na wane ne? Wane magidanci ne zai buɗe wa duniya rumbunsa in ba abin ya riga ya fi ƙarfinsa ba? Ranar kasuwa Baba ya kai dawa Batsari, wani ya ce, "A'a, Na-Inuwa, wa ya ba ka aro?" Ba da mugunta suke yi ba, wannan ne ma abin. Murna suke yi sun ga mutumin majigi, har wasu na roƙonsa ya yi musu hammar nan.

Dagaci ya kira shi ya ce, "Mu mun san ka. Amma sarkin noman da za a yi wa ihu cikin kasuwa, ka ga abin da wuya." Aka naɗa wani. Baba ya je ya yi masa barka, ya dawo ya ninke babbar rigar ya sa a adaka.

Sau ɗaya ya roƙe ni abu. Ya ce, "Kai, ka tahi kasuwa da takardar nan, ka karanta musu ƙarshen." Na je Batsari na tsaya kusa da masu awon hatsi, na buɗe littafi na ɗaga murya. Mutum biyar ko shida suka tsaya. Ban kai inda Na-Inuwa ya ɗauki garma ba wani ya ce, "Samari, mu da munka gani da idonmu, kai kana hwaɗa muna takarda?" Suka watse. Na ƙarasa karatun ni kaɗai, jaki na kallona. Da na dawo Baba ya ce, "Sun ji?" Na ce sun ji. Ya gyaɗa kai. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani, muka bar ta haka.

Bai taɓa zagina ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina karɓar kunyar farko a gayya, ya koma gonarsa shi kaɗai tun asuba har duhu. Kowace kaka sai ya gina sabon rumbu ya cika ya rufe. Ba ya sayarwa, ba ya nuna wa kowa. Bayan gidanmu ya zama rumbuna a jere. In an gama girbi yakan ce in ɗauko takardar, in karanta masa shafukan ƙarshe kaɗai. Yana zaune yana kallon ƙasa har in gama, sa'an nan ya ce, "Haka anka rubuta." Ya tashi.

Shi ya sa na ce wa jikokina littafi. Littafin ya san abin da ya kwantar da mutumin da abin da ya tashe shi. Majigin tsakiyar kawai ya ɗauka, wurin dariya. Amma in don iya wasa ne, na ga finafinai da yawa tun daga lokacin, ban ga wanda ya kai Baba ba. Da bai iya ba, da an manta da shi kamar yadda aka manta da akawu kafin mota ta bar gari.

Baba ya rasu Turawa na shirin tafiya. Muna zaman makoki a ƙofar gida sai ga wani dattijo daga wajen Zakka, ya biyo hanya ya ga taro ya tsaya. Ya yi gaisuwa mai kyau, ya tambayi wanda ya rasu. Aka faɗa masa sunan Baba, bai gane ba. Sai ya ɗaga kai ya ga tsamiya da dutse, ya ce, "Ayya! Ashe Na-Inuwa ne. Wallahi ya ba mu dariya, bawan Allah. Allah ya jiƙan shi, Allah ya yahe mishi ragwancin shi. Ku kuma da ya bari hannu wofi, Allah ya ba ku abin da za ku ci." Da zuciya ɗaya ya faɗa, har idonsa ya kawo ruwa.

Rumbunan na nan bayan gida, taku kaɗan ne, cike har jinka. Da na miƙe na ɗage guda ɗaya da an gama magana. Na dube su, na dubi dattijon. Sau ɗaya aka taɓa buɗe wa baƙo rumbun gidanmu, kuma ni na sa aka buɗe.

Na ce da dattijon, "Amin, Baba. Mun gode."